Zobe a Cikin Ido: Abin da Yake Gyarawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Akwai wani ciwon ido da ke kama yaro a daidai lokacin da ya fi bukatar ganinsa, wato shekarun balaga, yana tsaka da karatun sakandare. Ba ya zuwa da zugi, ba ya sa ido kwantsa. Abin da yaron zai fara lura da shi kawai, rubutun allo ya soma yin inuwa, fitilun motoci da daddare suna jan jela, farin wata guda ɗaya ya zame masa biyu ko uku a haɗe. A kai shi a yanka masa tabarau, kafin shekara ta zagayo tabaran ya daina yi masa amfani. A sake yanka wani, shi ma haka. Tun iyaye suna biya da daɗin rai har su fara zargin ko masu awon ne ba su iya aikinsu ba, ko kuwa yaron ne ba ya son makaranta.

Likitoci suna kiran ciwon keratokonas. Wani likitan Ingila, John Nottingham, ya yi cikakken bayaninsa tun 1854, amma aka shafe fiye da ƙarni guda maganinsa bai wuce abu biyu ba. Ko dai a ba mutum ɗan ƙaramin tabarau mai tauri da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, ko kuma, in abin ya ci tura, a yanke gaban idon a dasa masa na wanda ya rasu. A cikin shekaru talatin ɗin nan ne aka samo wata hanya a tsakani, wato a cusa ɗan guntun zobe a cikin naman idon domin ya mayar masa da siffarsa. Hanya ce mai amfani ƙwarai, sai dai an sha ɗora mata burin da ba za ta iya ɗauka ba.

Rabin milimita

Koniya ita ce fatar nan mai haske garai-garai da ta lulluɓe baƙin ido ta gaba. Faɗinta kusan milimita 12 ne, kaurinta a tsakiya kuwa ya ɗan haura rabin milimita, wajen maikiron 540, kuma sai an tara maikiron dubu ake samun milimita guda. Duk da wannan rashin kauri, ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa bayan ido. Ana auna ƙarfin tattara haske da dayopta. Ido gaba ɗayansa yana da wajen 60, koniya ita kaɗai ta riƙe wajen 43.

Wannan ƙarfi daga lanƙwasarta yake fitowa, shi ya sa siffarta ita ce komai. Kashi 90 cikin ɗari na kaurinta shimfiɗu ne na zaren kolajin, ɗaya a kan ɗaya, kuma su ke riƙe da ita kada ruwan cikin ido ya turo ta. A keratokonas waɗannan shimfiɗu ne ke raunana. Wani yanki na koniyar, galibi ɗan ƙasa da tsakiya, sai ya sirance, matsin cikin ido ya turo shi waje ya yi tsini. Awon wurin ya tashi daga 43 zuwa 48, zuwa 55, wani ma ya haura 60.

Da a ce koniyar gaba ɗaya ce ta ƙara lanƙwasa daidai wa daida, da tabarau ya wadatar, domin abin da zai haifar rashin ganin nesa ne kawai. Matsalar ita ce tsinin a karkace yake. Hasken da ya bi ta saman koniya da wanda ya bi ta ƙasanta ba sa haɗuwa wuri guda, kuma babu gilashin da za a yanka ya gyara irin wannan karkata. A nan inuwar rubutu da jelar fitila suke samo asali.

An daɗe ana ɗaukar ciwon a matsayin wanda ba kasafai ake gani ba, bisa wani bincike na 1986 a jihar Minnesota ta Amurka da ya samu kusan mutum ɗaya cikin 2,000. Da na'urorin awo suka inganta, lissafin ya sauya. A Holan, binciken 2017 ya samu ɗaya cikin 375. A Riyad ta Saudiyya kuwa, wani bincike na 2018 a kan yara da matasa ya samu kusan ɗaya cikin 21.

Daga Bogota zuwa Brest

Tunanin sauya siffar koniya ta hanyar ƙara mata wani abu ya faro ne daga José Ignacio Barraquer, likitan ido ɗan Sifen da ya zauna a Bogota ta Kolombiya. A shekarun 1960 ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: in ana son tsakiyar koniya ta baje, ko dai a rage mata nama a tsakiya, ko a ƙara mata kauri a gefe. Aikin leza da ake yi wa masu rashin ganin nesa ya bi hanya ta farko. Ga mai keratokonas wannan hanya haɗari ce, domin rage naman da dama ya sirance ƙara masa rauni ne. Saura hanya ta biyu.

Abin lura shi ne ba don keratokonas aka ƙera zoben ba tun farko. Kamfanin KeraVision na Kalifoniya ya yi shi ne domin masu rashin ganin nesa, aka fara gwada shi a idon ɗan Adam a Brazil a 1991, kuma a 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Intacs. Kasuwa ba ta karɓe shi ba, leza ta riga ta kwashe masu bukata, kamfanin ya durƙushe. Sai dai kafin hakan, wani likita a birnin Brest na Faransa, Joseph Colin, ya saka zoben a idon mai keratokonas a 1997, ya kuma wallafa sakamakon marasa lafiyarsa na farko a 2000. A Belo Horizonte ta Brazil ma, Paulo Ferrara ya juya nasa samfurin zoben zuwa ga wannan ciwo tun wajen 1996. A 2004 Amurka ta ba da izinin amfani da Intacs ga masu keratokonas.

Robar da ake yin zoben da ita, PMMA, tana da nata tarihin. A Yaƙin Duniya na Biyu, likitan Ingila Harold Ridley ya lura cewa matuƙa jiragen yaƙi da ɓarɓashin murfin jirgi ya shige musu ido, idanun ba sa yin bore a kan ɓarɓashin. Da irin wannan roba ya yi ƙwayar ido ta roba ta farko da ya saka wa mai yanar ido a Landan a 1949. Ke nan duk dattijon da aka cire masa yana aka saka masa irin wannan ƙwaya, dangin abin da ake magana a kai ne ke cikin idonsa.

Yadda zoben ke aiki

Yawanci ba cikakken zobe ba ne, ɓari ne guda ko biyu. Na Intacs kowane ɓari yana zagaye digiri 150, a nisan da ya bar fili kusan milimita 7 a tsakiya, kaurinsa tsakanin kwatan milimita da kusan rabinta. Na Ferrara da Keraring, dukansu daga Brazil, sun fi matsowa tsakiya, wajen milimita 5, kuma yankansu mai kusurwa uku ne. Akwai kuma MyoRing na Albert Daxer ɗan Ostiriya, wanda shi cikakken zobe ne da ake zurawa a cikin aljihun da aka buɗe a naman koniya.

Ba a bukatar sa mutum barci. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a haƙa ɗan siririn rami mai lanƙwasa a cikin naman koniya, a zurfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na kaurinta, sannan a tura ɓarin zoben ciki. Da can da hannu ake haƙa ramin, da wani ƙarfe mai lanƙwasa. Yanzu inda ake da hali leza ce ke yi cikin daƙiƙoƙi, kuma zurfinta ya fi daidaito. Mutum yakan koma gida a ranar.

Makaɗi ya san cewa idan fatar ganga ta saki ba tsakiyarta ake taɓawa ba, daga gefe ake ɗaure ta sai tsakiyar ta miƙe. Kusan haka abin yake. Zoben yana shiga tsakanin shimfiɗun kolajin ya raba su, sai zaren da suka ratsa ta samansa da ƙasansa su ci ƙarin hanya kafin su wuce. Wannan ƙarin hanya daga tsakiya ake ciro ta, sai tsakiyar ta ɗame, tsinin ya kwanta. Gwargwadon kaurin zoben da kusancinsa da tsakiya, gwargwadon yadda koniyar za ta baje.

Gwanintar likita ba a cusawar take ba, a zaɓin take. Kafin a taɓa idon sai an ɗauki taswirar koniya da na'ura, inda wurin da ya yi tsini ke fitowa ja, wurin da ya baje shuɗi, daidaitacce kuma kore. Idan tsinin yana tsakiya, a kan saka ɓari biyu masu kauri ɗaya. Idan ya zame ƙasa, kamar yadda ya fi yawa, a kan saka ɓari guda a ƙasan, ko mai kauri a ƙasa da siriri a sama. Gajeren ɓari ya fi gyara bambancin lanƙwasa tsakanin tsaye da kwance, dogon ɓari ya fi baje tsakiya gaba ɗaya. Har an ƙera ɓarin da kaurinsa ke ƙaruwa daga wannan baki zuwa wancan, saboda tsinin da ya karkace sosai.

A taswirar bayan aiki abu biyu ake nema. Na farko, jan ya ragu, kuma rahotanni da yawa sun nuna koniya na bajewa da wajen dayopta 3 zuwa 5. Na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci, kan tsinin ya matso kusa da tsakiya, saman koniya da ƙasanta su ɗan yi kama da juna. Wannan daidaituwa ce ke rage inuwa, ita ce kuma ke sa tabaran da a da ba ya aiki ya dawo yana aiki, ko ƙaramin tabarau na kan ƙwayar ido da a da yake zamewa ya samu wurin zama. Duk wanda ya yi wa mara lafiya alkawarin zai jefar da tabarau bayan zobe bai yi masa adalci ba. Burin aikin shi ne a mayar da idon inda tabarau zai iya taimakonsa.

Iyakarsa

Zobe siffa yake gyarawa, ba ya ƙara wa naman ƙarfi. Raunin da ya haddasa tsinin yana nan. Likitocin Alicante ta Sifen, ƙarƙashin Jorge Alió, sun bi marasa lafiya na tsawon shekaru biyar, suka ga waɗanda ciwonsu ya riga ya tsaya gyaran ya ɗore musu, amma matasan da ciwon ke ci gaba a idonsu, ribar da aka samu a watannin farko ta riƙa zagwanyewa. Su ne kuma suka nuna cewa wanda ganinsa ya yi rauni sosai ya fi cin moriyar zoben, yayin da wanda yake gani da kyau da tabarau zai iya yin asara. Wato ba kowane mai keratokonas ya kamata a saka wa zobe ba.

Akwai kuma waɗanda lokaci ya ƙure musu. Dole tsakiyar koniya ta kasance garau, kuma wurin da za a haƙa ya kasance da isasshen kauri. Idan tsinin ya yi nisa, wani lokaci tantanin ciki yakan tsage, ruwa ya kwararo cikin naman, idon ya yi fari cikin kwana guda. Yakan washe bayan makonni ko watanni, amma sau da yawa ya bar tabo. Tabon da ya zauna a tsakiya babu zoben da zai kawar da shi.

Ita kanta robar baƙuwa ce a cikin nama mai rai. A wasu idanun zoben yakan gusa, ko naman da ke samansa ya sirance har bakinsa ya leƙo waje, musamman in ba a saka shi da zurfi ba ko mutum ya ci gaba da murza ido. Ƙwayoyin cuta kan iya shiga ramin. Wasu suna kokawa da ƙyallin fitilu da daddare. Abin da ke kwantar da hankali shi ne ana iya zare shi, kuma galibi koniyar takan koma kusa da yadda take a da.

Abin da ke tsayar da ciwon daban yake. A birnin Dresden na Jamus, Theo Seiler da Eberhard Spoerl da Gregor Wollensak suka fito da hanyar ƙarfafa koniya, suka wallafa sakamakonta a 2003. Ana jiƙa koniyar da ruwan bitamin B2, a haska mata wani nau'in hasken da ido ba ya gani na tsawon minti 30, sai zaren kolajin su ƙulla da juna, naman ya yi tauri. Amurka ta amince da hanyar a 2016. A Holan an ga dashen koniya saboda keratokonas ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu bayan shigowarta. Ita ba ta cika gyara siffa sosai ba, zobe kuma ba ya tsayar da ciwo, shi ya sa likitoci da dama suke haɗa su a ido guda. Hanyar ƙarfafawar ma tana da sharaɗi, domin a tsarinta na asali sai kaurin koniya ya kai maikiron 400. Kowace hanya aka duba, sai a tarar tana bukatar a zo da wuri.

Nama a madadin roba

Matsalar leƙowar roba ce ta sa Soosan Jacob, likita a asibitin ido na Agarwal da ke Chennai ta Indiya, ta yanko ɓarin zoben daga koniyar wanda ya rasu maimakon roba. Ta wallafa hanyar a 2018, ana kiranta CAIRS. Da yake nama ne a cikin nama, haɗarin ya huda ya fito ya ragu ƙwarai, ana iya saka shi ba da zurfi sosai ba, ana kuma iya yanka shi daidai da taswirar kowane ido. Har koniyar da ba ta cancanci cikakken dashe ba tana iya yin wannan aiki.

Sai dai ita ma sai da mai bayarwa, kuma a nan duniya take da ƙaranci. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta mutum miliyan 12.7 ke jiran dashen koniya, kuma koniya ɗaya ake samu a inda ake bukatar 70. Wannan ya sa masana a Jami'ar Linköping ta Suwidin, Mehrdad Rafat da Neil Lagali, suka ƙera wani faifai daga kolajin da aka tace daga fatar alade, ana zura shi a cikin naman koniya ba tare da ɗinki ba. Ba baje tsini kaɗai yake yi ba, yana mayar wa koniyar kaurin da ta rasa. A 2022 suka ba da rahoton mutum 20 a Iran da Indiya. Goma sha huɗu daga cikinsu makafi ne kafin aikin, bayan shekaru biyu kuma babu makaho ko ɗaya. Ana iya ajiye faifan har shekaru biyu, alhali koniyar mutum ba ta wuce makonni kaɗan. Mutum 20 ba su isa a yanke hukunci ba tukuna. Kasancewar asalinsa daga alade kuma tambaya ce da musulmi zai yi, kuma ya dace malamai da likitoci su zauna a kanta tun kafin ya iso, ba sai mara lafiya yana kwance ana jiran amsarsa ba.

Inda abin ya shafe mu

Abubuwan da aka tabbatar suna tafiya da keratokonas ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Yana bin dangi, kuma bincike a Gabas ta Tsakiya ya nuna ya fi yawa a 'ya'yan auren zumunci. Yana yawan samun masu lalurar Down. Babban abokin tafiyarsa kuwa murza ido ne, har likitan Faransa Damien Gatinel yana ganin in ba murza ba, da wuya tsinin ya fito. Ba duk masana suka bi shi har can ba, amma babu mai musun cewa murza na ƙara ta'azzara ciwon.

Me ke sa yaro murza ido dare da rana? Akwai ciwon ƙaiƙayin ido na yara da ya yi katutu a ƙasashe masu zafi da ƙura, har da yankinmu, ya fi kuma kama maza. Kowa ya san irin yaran, farin idonsu ya rine ya koma ruwan ƙasa, kullum hannu na ido, abin ya ƙaru in hazo ya sauka. An saba cewa zai daina in ya girma, kuma sau da yawa ƙaiƙayin yakan daina ɗin. Amma shekarun da ya yi yana dirzar ido da gaɓar yatsa za su iya barin koniyar a raunane. Mafi muni shi ne maganin ɗigawa mai sitiroyid da ake saya a kemis ba da takardar likita ba. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma yawan amfani da shi yana jawo hawan jinin ido da yana, a ƙara wa yaro ciwo a kan ciwo. Akwai magungunan ƙaiƙayi marasa wannan haɗari, tsumma mai sanyi a kan ido ma yana rage shi. Kuma idan aka samu ciwon a ido ɗaya a duba ɗayan, in aka same shi a yaro ɗaya a duba 'yan uwansa.

A wurin da koniyar dashe ke wahalar samu, duk idon da aka hana kaiwa ga dashe babbar riba ce, kuma a nan darajar zobe take. Amma ni ban ga hikimar fara sayen leza mai tsadar gaske ba alhali ba a gano masu ciwon. Ƙwararren mai awo yana iya zarginsa da ƙaramar fitilar awon da ke hannunsa, domin hasken da ke dawowa daga irin wannan ido rabewa yake yi biyu yana buɗewa yana rufewa. Tabbatarwa tun ciwon yana ƙarami kuwa sai da taswira.

Gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni sun saba ɗaukar nauyin cire wa dattawa yanar ido kyauta, Allah Ya saka musu. Kiran da nake yi shi ne su waiwayi matasa. A wadata manyan asibitocin ido da na koyarwa da na'urar taswirar koniya da ta ƙarfafa ta, a horar da masu awo su riƙa tura duk yaron da suke zargi, a kuma tura likitoci su koyo aikin zobe a Masar ko Indiya inda ake yinsa kullum. A fara da na'urar taswira, domin sai an ga tsinin sannan za a san wanda zobe zai amfana.